Silimar Gida: Yadda Ake Zaɓen Lasifika da Kafa Ta Ba Tare da Asarar Jari Ba

LEGAS — Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ikon yanke darajar naira, farashin kayan lantarkin da ake shigowa da su ƙasar nan ya yi tashin gwauron zabo. Dalar Amurka, wadda ake canzawa a kan kimanin N460 a farashin gwamnati kafin wannan mataki, ta haura N1,500 a watan Fabrairun 2024. Kayan sauti na daga cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin kuwa daga ƙasashen waje ake kawo su, yawanci daga ƙasar Sin. Hatta akwatunan da kafintoci ke haɗawa a nan gida, lasifikar da ke cikinsu ta waje ce.

Saboda haka kuskuren da a da mai saye kan yi ya shanye, yanzu yana iya cinye ribar watanni. Wannan ya shafi magidancin da ke son ƙawata falonsa, ya shafi mai gidan kallon ƙwallo da mai otal, ya kuma shafi dillalin da ke sarin kaya daga kasuwar Alaba ta Legas zuwa Kano, ko Kaduna, ko Jos, wanda shi ake komawa wa da ƙorafi in kaya sun ƙi daɗi. Akasarin wannan asara kuwa daga abu uku take fitowa: sayen kayan da ba su dace da ɗakin ba, yarda da lambobin da aka rubuta a jikin kwali, da kuma kafa kayan a inda bai kamata ba.

Ma'anar 5.1

Abin da ake kira silimar gida shi ne haɗa babban talabijin da lasifikoki da dama, waɗanda ake kewaye mai kallo da su yadda sauti zai riƙa zuwar masa ta gaba da gefe da baya, kamar a gidan silima. Kamfanin Dolby, wanda Ray Dolby ya kafa a birnin London a 1965, shi ya fi kowa tasiri a wannan fanni. Ya shigo da sautin kewaye cikin gidaje a 1982, ya inganta shi da tsarin Pro Logic a 1987, sa'an nan a 1992 ya fito da Dolby Digital a fim ɗin Batman Returns. Abokin hamayyarsa, DTS, ya bayyana a 1993 da fim ɗin Jurassic Park. Faifan DVD, wanda aka fara sayarwa a Japan a ƙarshen 1996, shi ya yaɗa wannan tsari a duniya.

Lambar 5.1 da ake gani a jikin kaya tana nufin hanyoyin sauti shida. Biyar na farko su ne hagu da dama da tsakiya a gaba, sai biyu na kewaye a gefen mai kallo. Ɗayan da ke bayan ɗigo shi ne na babbar lasifikar nan mai fitar da kaurin sauti, irin rugugin tsawa da ƙarar fashewa, wadda a kasuwa ake kira wufa. Idan an ce 7.1, an ƙara biyu a baya ke nan. Idan kuma an ga lamba ta uku, kamar 5.1.2, to ana nufin lasifikoki biyu na sama, na tsarin Dolby Atmos wanda ya fara aiki a gidajen silima a 2012, ya shigo gidaje a 2014.

Akwai abin lura a nan. Lasifika shida ba sa ƙirƙiro sautin da babu shi a cikin fim. Shirin da aka haɗa da hanyoyin sauti biyu kawai, kamar yadda ake haɗa da yawa daga cikin finafinan gida da waƙoƙi da labarai, na'ura ce kurum za ta rarraba shi ta hanyar kintace. Wanda mafi yawan kallonsa irin waɗannan ne, lasifika biyu ko uku masu nagarta sun fi masa amfani a kan shida marasa inganci.

Ɗaki ne ke zaɓar lasifika

Kafin a tafi kasuwa, awon ɗaki ya kamata a fara yi. Sautin da ke isa kunnen mai kallo kashi biyu ne: wanda ya fito kai tsaye daga lasifika, da wanda ya bugi bango da ƙasa da silin ya dawo. Gine-ginen zamani a biranen ƙasar nan, masu bangon siminti da tayil a ƙasa da silin POP da tagogin gilashi, ba sa shan sauti ko kaɗan, mayar da shi suke yi. Shi ya sa kayan da suka yi daɗi a shago sukan koma hayaniya a gida, har a kasa fahimtar abin da ɗan wasa ke faɗa.

Gwajin abu ne mai sauƙi. A tsaya a tsakiyar ɗakin a tafa hannu sau ɗaya. In an ji amo yana bin tafin, ɗakin na bukatar gyara. Darduma mai kauri tsakanin lasifika da wurin zama, da labule mai nauyi a tagogi, da kujerun kushin, da kantar littattafai a bangon baya, duk suna rage wannan amo, kuma kuɗinsu bai kai na sabuwar lasifika ba.

Kaurin sauti kuma yana da tasa matsalar. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane ɗaki na da wani amo da yake ƙarfafawa gwargwadon tsawonsa da faɗinsa. Ɗakin nan da aka saba ginawa, mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, yana ƙarfafa amon da ke kusa da Hz 47, watau girgiza 47 a daƙiƙa. Da yake tsawo da faɗin daidai suke, abin sai ya ninku, a ji wufa na gunji a jikin bango, alhali a tsakiyar ɗakin kamar ba a kunna ta ba. A irin wannan ɗaki, manyan lasifikoki masu tsayuwa a ƙasa ɓarnar kuɗi ne. Ƙanana na kan kanta tare da wufa matsakaiciya sun wadatar. Manyan sai falo mai faɗi, inda mai kallo ke zaune mita huɗu ko fiye daga talabijin.

Lambobin da ke jikin kwali

Babu inda ake ruɗar mai saye kamar wajen ƙarfin wat. Akan ga ƙaramin kwali an rubuta masa wat 5,000 ko 10,000 da manyan haruffa, a gefe kuma an sa PMPO da ƙanana. Wannan ma'auni ba shi da wata ƙa'ida da masana'antu suka amince da ita. Kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai ja hankali. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne wanda ake rubutawa RMS, watau ƙarfin da na'urar ke iya ci gaba da fitarwa ba tare da sauti ya dagule ba. Irin wannan ruɗu ne ya sa Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka ta kafa doka a 1974, wadda ta tilasta wa masu sayar da amfilifaya, watau na'urar ƙara ƙarfin sauti, su riƙa bayyana wannan ƙarfi na ɗorewa.

Mai saye na iya gano gaskiya da kansa. A bayan kowace na'ura akwai ɗan rubutu da ke nuna yawan wutar da take ci. Babu na'urar da za ta ci gaba da fitar da wuta fiye da wadda take ja daga bango. Idan bayan ya ce wat 60, gaban kuma ya ce 5,000, to an san inda maganar ta kwana. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Lamba ta biyu, wadda ba a cika kula da ita ba, ita ce yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa idan an ba ta wat ɗaya aka auna daga nisan mita ɗaya. Ana rubuta ta da dasibel, a taƙaice dB, kuma a kayan gida yawanci tana tsakanin 84 da 92. Ƙarin dasibel uku na bukatar ninka wuta sau biyu. Watau lasifika mai dB 90 a kan amfilifaya mai wat 50 za ta yi ƙara daidai da mai dB 87 a kan wat 100. Har ila yau, sai an ninka wuta kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninku sau biyu. Wannan ya nuna cewa bambancin da ke tsakanin amfilifaya mai wat 80 da mai wat 100 bai kai dasibel ɗaya ba, bai kuma cancanci ƙarin kuɗi mai yawa ba.

Lamba ta uku ita ce om, wadda ke nuna yadda lasifika ke turje wa wutar da ke shigarta. Yawanci 8 ne, ko 6, ko 4. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon wutar da lasifikar ke zuƙa daga amfilifaya. Idan bayan amfilifaya ya nuna om 6 zuwa 16, aka ɗaura masa lasifika mai om 4 aka kuma ƙure ƙara, zai yi zafi ya ɗauke, ko ya ƙone.

Wani abu da mutane da dama ba su sani ba shi ne, ƙaramin amfilifaya ma yana ƙona lasifika. Idan an tura shi fiye da ƙarfinsa, sautin da yake fitarwa kan yanke ya yi kaushi, kuma wannan kaushin ne ke ƙona ƙaramar lasifikar siririn sauti, wadda masu gyara ke kira tiwita. Da zarar an ji sauti ya fara ƙarƙara, rage ƙara shi ne magani.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

Lasifika uku na gaba su ke ɗaukar mafi yawan aikin, kuma ta tsakiya ce ke ɗauke da kusan dukkan maganar 'yan wasa. To amma ita ce aka fi rainawa a kayan da ake sayarwa a kwali guda. Ya kamata ukun nan su fito daga kamfani ɗaya, kuma daga jeri ɗaya, domin kada muryar mutum ta sauya yayin da ya taka daga hagun allo zuwa damansa. Na kewaye kuwa aikinsu kaɗan ne, kamar ƙarar ruwan sama da hayaniyar 'yan kallo, don haka ƙanana sun isa.

Wanda jarinsa bai kai ba, ba lallai ne ya sayi kome a rana ɗaya ba. Yana iya farawa da risiba, watau amfilifayan da ke rarraba sauti zuwa hanyoyi biyar ko bakwai, tare da lasifika biyu masu kyau. Daga baya ya ƙara ta tsakiya, sai wufa, sai na kewaye a ƙarshe. Amfanin wannan hanya shi ne duk abin da ya lalace ana iya sauya shi shi kaɗai. Kayan kwali guda kuwa sau da yawa amfilifayansu a cikin wufa yake ko a cikin na'urar faifai, da matosai na musamman, ta yadda in guda ya mutu sauran sun zama kayan ado.

Akwai kuma doguwar lasifikar nan guda da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talabijin, wadda a kasuwa ake kira saunba. Ba ta kai lasifikoki rarrabe ba wajen kewaye mai kallo, amma ga ƙaramin ɗaki, ko gidan haya inda ba a son fasa bango, ko ɗakunan otal, ta fi dacewa, ta kuma fi sauƙin kulawa.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye ya tafi kasuwa da abin saurarensa, wanda kunnensa ya saba da shi: karatu ko jawabi, da waƙa, da guntun fim. Murya ta fi kiɗa tona asirin lasifika, domin kowa ya san yadda muryar ɗan'adam take. Ya nemi a mayar da maɓallan kauri da na zaƙin sauti tsakiya, ya saurara da ƙara kaɗan kafin a ɗaga. In ana gwada biyu, a daidaita ƙararsu, domin kunne kan ɗauki wadda ta fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau.

Kayan tokumbo na iya zama riba, don sau da yawa tsohuwar lasifika ta babban kamfani ta fi sabuwar jabu. Sai dai a duba zoben soso ko na roba da ke kewaye da bakin lasifikar, wanda zafi da laima ke rubar da shi. A danna tsakiyar a hankali da yatsu. In an ji gogayya, nadin wayar ciki ya taɓu. A kara kunne a kowace tiwita a tabbatar tana aiki. Abu mafi muhimmanci shi ne ƙarfin wutar da aka ƙera na'urar dominsa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Risiba ko wufa da aka kawo daga waɗannan ƙasashe biyu, in ba ta da maɓallin sauya wuta, tana bukatar taransifomar rage wuta, in ba haka ba tana iya ƙonewa a jonawar farko. Kayan Ingila da na sauran Turai ba su da wannan matsala.

Ga masu shigo da kaya, sababbin kayan lantarki na ƙarƙashin tsarin SONCAP na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wanda aka fara a 2005. Tsofaffi kuma na ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda ke yi wa masu shigo da su rajista, ta kuma haramta shigo da matattun kaya. Mai saye shi ma ya karɓi rasit mai ɗauke da samfuri da lambar na'ura da tsawon garanti. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba shi ikon mayar da kaya masu aibu, amma ba tare da takarda ba da wuya ya kafa hujja.

Wurin kowace lasifika

Wannan shi ne ɓangaren da ba ya cin ko kwabo, kuma shi ya fi sauya sakamako. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar jeri tun a farkon shekarun 1990, kuma da ita masu haɗa sautin fim ke aiki. Ta tsakiya tana fuskantar mai kallo sak. Ta hagu da ta dama kowace tana karkace da digiri 30. Na kewaye kuma suna tsakanin digiri 100 da 120, watau a gefe, ɗan baya kaɗan da kafaɗa.

Ba sai an nemi ma'aunin kusurwa ba. In mai kallo na zaune mita uku daga lasifikar hagu da ta dama, tazarar da ke tsakaninsu ita ma ta zama mita uku. A ɗan juyo da fuskokinsu wajen kujera, tiwitarsu kuma ta yi daidai da kunnen mutum a zaune, kimanin mita ɗaya daga ƙasa. Ta tsakiya ta zauna dab da ƙasan talabijin, a bakin kanta, ba can cikin lungun kabad ba. In ta yi ƙasa da yawa a ɗaga gabanta ta kalli fuska. Lasifikar da ke da ramin iska a bayanta na bukatar tazarar aƙalla santimita 30 daga bango. Na kewaye a ɗaga su kimanin rabin mita sama da kunne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jera duka biyar ɗin a kan kantar talabijin saboda gudun jan waya. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin sautin kewaye, amma bai samu ba. Kuskure na biyu shi ne manna kujera da bangon baya, inda kaurin sauti ke taruwa. Ko da rabin mita aka matso da ita gaba, za a ji bambanci.

Wufa ita ce mai wuyar sha'ani. Kunne ba ya gane inda sauti mai kauri sosai ke fitowa, don haka ba dole ne ta zauna kusa da talabijin ba. A kusurwa ƙararta na ƙaruwa, amma takan yi gunji. Dabarar da ƙwararru ke bi ita ce a ɗora wufar a kan kujerar mai kallo, a kunna kiɗa mai kauri, sa'an nan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango yana saurare. Inda ya ji sautin ya fito sarai, ba gunji ba rauni, nan ne mazauninta.

Waya da saiti

Wayar lasifika ba ta bukatar tsada, tana bukatar kauri da jan ƙarfe na gaske. Ga lasifika mai om 8, waya mai kaurin milimita 1.5 ta isa har zuwa kimanin mita 15. Abin da ya wuce haka, ko lasifika mai om 4, a sa mai 2.5. A kasuwa akwai wayar sanholo da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wadda ba ta kai ta gaske ɗaukar wuta ba. In an kankare ta da wuƙa za a ga cikinta fari.

Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a kowane ɓangare. In aka juya guda ɗaya, lasifikokin biyu za su riƙa soke juna, kauri ya ɓace, murya ta rasa mazauni. Inda launi ya goge, ana taɓa wayar da ƙaramin batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci: in bakin lasifikar ya turo waje, wayar da ke kan batir ɗin ita ce ja. Tsakanin talabijin da risiba kuwa, a yi amfani da kafar HDMI mai alamar ARC, wadda aka fito da ita a 2009, ko eARC ta 2017. Jonawa da tsohuwar waya mai kai ja da fari hanyoyi biyu kawai take ɗauka.

A cikin risiba akwai saiti uku. Na farko shi ne nisan kowace lasifika daga kujera, wanda ake aunawa da tef a shigar, domin na'urar ta jinkirta na kusa, duk su iso kunne tare. Na biyu shi ne iyakar da wufa za ta karɓi aiki. Hz 80 ne aka fi amfani da shi, kuma ana zaɓar kalmar Small ga lasifikokin don a sauke masu nauyin kauri. Na uku shi ne daidaita ƙarar kowace, a kan dB 75 a wurin zama. Risibobin zamani na zuwa da ɗan makirufo mai yin wannan aiki da kansa, kamar YPAO na Yamaha da Audyssey na Denon da Marantz. A yi awon lokacin da gida ya yi tsit, an kashe fanka da janareta na kusa.

Gidan kallo da zauren otal

Tsarin 5.1 an yi shi ne domin mutane kaɗan da ke zaune a wuri guda. A gidan kallon ƙwallo, inda ake jera benci daga gaba har baya, ba ya aiki: wanda ke kusa da lasifikar kewaye ita kaɗai zai riƙa ji. Abin da mai biyan kuɗin shiga ke so shi ne ya ji mai sharhi sarai a duk inda ya zauna.

A fili, duk lokacin da nisa ya ninku, ƙara na raguwa da dasibel shida. Tsakanin mai zama a mita biyu da mai zama a mita 16 akwai bambancin da zai iya kai wa dasibel 18, ko da yake bango na rage shi kaɗan. In aka ƙure ƙara don na baya, na gaba sun cutu. Maganin shi ne a rataye lasifikokin sama da kawunan mutane, a sunkuyar da su suna kallon bencin baya, ko a ƙara wasu biyu a tsakiyar zauren da ƙara matsakaiciya. Rufin kwano marar silin yana ƙara dagula magana, kuma silin ko tabarmi a ƙarƙashinsa na taimakawa.

A nan ne kuma aka fi ƙona amfilifaya. Lasifika biyu masu om 8 da aka haɗa baki ɗaya a kafa guda sun zama om 4. Huɗu sun zama om 2, abin da kayan gida ba sa ɗauka. Wurin da ke bukatar lasifika da yawa, kamar otal ko babban shago, akwai tsarin layin bolt 100 da aka ƙera musamman domin haka.

Wuta, ƙura da maƙwabta

Hawa da saukar wuta, da sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, su ne manyan abokan gaban kayan sauti. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya zarce jimillar abin da kayan ke ci wajibi ce, tare da abin kariya daga bugun wuta. Amfilifaya shi ake kunnawa a ƙarshe, shi ake fara kashewa. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a cire fulogi, a kuma cire wayar da ta shigo daga kwanon tauraron ɗan'adam, don ta nan ma tsawa kan bi.

Cin wuta shi ma ya shiga lissafi, tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da kuma ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilun 2024, lokacin da aka kai na rukunin Band A zuwa N225 kowane kilowat a sa'a. Amfilifaya na ajin D yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ja zuwa aiki, yayin da tsohon ajin AB kan ɓarar da rabi ko fiye a matsayin zafi. Ga mai dogara da inbata da hasken rana, wannan bambanci ne babba. Risiba na bukatar sarari a samanta don iska. Ƙurar hunturu a Arewa na toshe ramukanta, laimar Kudu kuma na sa tsatsa a matosai.

Ƙara kuma tana da iyaka a doka da a lafiya. Hukumar NESREA na da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, hukumar kare muhalli ta Jihar Legas kuma, LASEPA, ta ƙayyade dasibel 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama, kuma ta sha rufe wuraren da suka karya wannan doka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce sa'o'i 40 a mako yana sauraren ƙarar dasibel 80, kuma duk ƙarin dasibel uku na rage lokacin da rabi. Yaron da ke aiki a gidan kallo tun rana har tsakar dare shi ya fi kowa shiga wannan haɗari.

Ga dillalai, duk wannan wata kafar ciniki ce. Mai shagon da ke tambayar girman ɗakin mai saye kafin ya nuna masa kaya, yake faɗa masa ƙarfin RMS maimakon na jikin kwali, yake kuma tura yaronsa ya kafa kayan ya daidaita su a kan ɗan lada, zai rage yawan kayan da ake dawo masa da su, ya kuma sami ribar waya da sitabilaiza da aikin hannu a kan ribar lasifika. A kasuwar da kowa ke sayen kaya iri ɗaya daga kwantena ɗaya, irin wannan hidima ce ke sa mai saye ya dawo, ya kuma turo ɗan'uwansa.